Bindigar da na hau duwatsun Kolorado da ita

Masu tambayata wace bindiga na ɗauka zuwa farautar barewar elk a jihar Kolorado ta Amurka, ga amsa: Ruger American mai cin harsashin .30-06. Mai araha ce, ba ta da wani ado, amma inda ka auna nan take zuwa. Harsashin nan tun 1906 ake amfani da shi, kuma kusan duk shagon kayan farauta a Amurka za ka same shi.

Abin da ba a faɗa maka a shago shi ne nauyin bindiga. Elk ƙatuwar barewa ce mai rassan ƙaho, namijin yakan haura kilo 300, kuma can saman dutse yake kiwo, inda iska ba ta isar huhu. Tun kafin asuba kake hawa cikin ƙanƙara, yatsu sun ƙage, igiyar bindiga na cin kafaɗa. A nan wallahi ko rabin kilo sai ka ji shi a ƙugu.

Rarar kuɗin bindigar na zuba a madubin hange mai kyau da takalma, sauran kuma harsashin gwaji. Abokin tafiyata da bindigarsa mai tsada ya zo, nama dai tare muka yi dakonsa a baya har mota.