Kafin ka zaɓi fannin injiniya, duba darussan aji biyu

Yawancin masu neman gurbin karatun injiniya da kunne suke zaɓen fanni. Sunan ya yi musu daɗi, ko an ce masu wannan fanni sun fi kowa albashi, sai su rubuta a fom. Shekarar farko ba ta tona asirin wannan kuskure, domin kusan kowa abu ɗaya yake karantawa: lissafi, fiziks, ilimin sinadarai, zanen injiniya da ɗan koyon rubuta manhajar kwamfuta. Sai a aji biyu da aji uku hanya take rabuwa, a nan ake gane wanda rigar ta yi wa daidai.

Saboda haka ka nemi jerin darussan sashen da kake so, yawancin jami'o'i suna sa shi a shafinsu na intanet. Ka tsallake na shekarar farko, ka karanta na gaba. Idan sunayen darussan ba su nuna maka komai ba, ga gwaji biyu da za ka iya yi da biro da takarda.

A ɗora katako mai tsawon mita 4 a kan duwatsu biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. A aza buhu mai kilo 60 a nisan mita 1 daga dutsen hagu, kada a lissafa nauyin katakon. Kilo nawa kowane dutse ya ɗauka? Na hagu 45, na dama 15. Wanda ya ji daɗin gano dalilin haka ya kama hanyar injiniyan gine-gine ko na injuna, domin daga nan ake wucewa zuwa ƙarfin ƙarfe, lanƙwasar ginshiƙi, gudun ruwa a bututu da yadda zafi ke juya inji.

Na biyu: ruwan gishiri kilo 100, gishirin kashi 10 cikin 100. An tafasa har gishirin ya kai kashi 25. Kilo nawa ya tafi a tururi? Gishirin bai je ko'ina ba, yana nan kilo 10, ke nan abin da ya rage a tukunya kilo 40 ne, 60 ya tashi. Wannan shi ne zuciyar karatun injiniyan sinadarai: me ya shiga, me ya fita, zafi nawa aka ci. A nan ɗalibai da yawa ke shan mamaki. Sun zo ne don suna son haɗa sinadarai a kwalba, sai su tarar da lissafin tankuna, famfuna da bututai ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Lantarki kuwa wahalarsa ita ce ba ka ganin abin da kake aiki a kai. Wutar gida tana kai da komowa sau 50 ko 60 a daƙiƙa ɗaya, gwargwadon ƙasa, kuma don a lissafa ta sai an yi amfani da wata lamba da idan aka ninka ta da kanta take ba da -1. Masu lantarki da harafin j suke rubuta ta. Bayan ta ga wasu dabarun lissafi masu zurfi, na Laplace da na Fourier, suna jira. Iya gyaran soket ko waya ba ya nufin za ka ji daɗin wannan karatu, son lissafi ne ma'auni. Haka injiniyan kwamfuta, rabinsa lantarki ne. Wanda manhaja kawai yake son rubutawa, kimiyyar kwamfuta ta fi dacewa da shi.

Sai ka dubi inda aikin zai ajiye ka. Injiniyan gine-gine yakan wuni a fili cikin rana. Idan ana zuba kankare, ana cika 'yan akwatuna masu faɗin milimita 150, a jiƙa samfurin a ruwa, a matse wasu da inji a kwana 7, sauran a kwana 28 don a ga ƙarfinsu. Leburori suna son ƙara ruwa domin kwaɓin ya yi sauƙin zubawa, ruwan nan kuwa shi ke raunana kankare. Wanda ba zai iya cewa a fasa a sake ba, alhali ɗan kwangila yana huci, ya sake tunani.

A ganina fanni mai faɗi ya fi aminci a digirin farko. Tsakanin 2014 da farkon 2016 farashin ɗanyen mai ya faɗi har ya koma ƙasa da rabin yadda yake a da, kamfanoni suka rage ma'aikata, masu digirin injiniyan man fetur suka rasa inda za su juya. Mai digirin injuna ko sinadarai yana iya shiga harkar mai, idan ta yi sanyi ya koma masana'antar siminti ko ta abinci. Ƙwarewa a lungu ɗaya tana iya jiran digiri na biyu.

Tantancewa kuma sashe-sashe ake yi, ba jami'a dungurungum ba. Ka tabbata hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a ƙasarka ta amince da ainihin sashen, in ba haka ba rajista za ta yi maka wuya bayan ka gama. Mai niyyar aiki a waje ya duba ko hukumar tana cikin Yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda mambobinta ke karɓar digirin juna. In da hali ka leƙa ɗakin gwajin sashen, ka tambayi ɗan aji uku yaushe rabon a kunna injin matse kankare, kuma mutum nawa ke taruwa a kan na'ura ɗaya.