Kofin kunu guda da hoton zuciyar Baba

Lokacin da na fara koyon aiki a sashen hoton nukiliya, hankalina duk yana kan na'urar PET, wadda ke ɗaukar hoton inda sinadarin nukiliyar da aka sa wa mutum ya taru a jikinsa. Wani dattijo ne ya mayar da shi kan kwanon abinci.

An turo shi ne saboda bugun zuciyarsa yana tsinkewa, likitoci suna zargin sarkoidosis, cutar da ƙwayoyin garkuwar jiki ke taruwa curi-curi a sassan jiki, har da tsokar zuciya. Dabarar gano ta ita ce a yi wa mutum allurar FDG, wani sukari da aka liƙa wa sinadarin nukiliya mai suna fulorin-18. Ƙwayoyin da ke haddasa kumburi mayun sukari ne, sai su zuƙe shi, wurin ya haska. Matsalar ita ce lafiyayyar zuciya ma tana shan sukari. Shi ya sa ake sa majinyaci ya wuni kan ƙwai, nama da man shanu, ba tuwo ba shinkafa, sannan ya yi aƙalla awa 12 ba ci, har zuciyar ta koma ƙona kitse.

Ni kuwa abin da na ce masa kawai shi ne, "Baba, kada ka ci abinci da safe."

Da hoton ya fito, zuciyar gaba ɗaya ta haska kamar an kunna fitila a cikinta, ba a bambance mai ciwo da mai lafiya. Na koma na tambaye shi. Ya ce, "Ɗana, ban ci komai ba, kunu kaɗai na sha." Gaskiya ya faɗa. A wajensa kunu ba abinci ba ne. Allurar kuma ta tafi ke nan, domin duk minti 110 rabin ƙarfin fulorin-18 ke zubewa, ba a ajiye ragowa. Abin da ya fi damuna har yau shi ne an sa wa bawan Allah sinadarin nukiliya a jiki a banza, saboda gajartar bayanina.

Bayan mako biyu ya dawo. A wannan karon ɗigo biyu ne suka haska a bangon da ya raba ɗakunan zuciya. Duk da haka babbar likitarmu ba ta yarda a fara ba shi firednisolon, maganin danne kumburi, ba sai da aka bincika tarin fuka, domin shi ma haka yake haskawa, maganin kuma yana iya tayar da shi.

Yanzu matar gida nake nema a waya, mu bi abincin ɗaya bayan ɗaya: kunu, fura, shayi mai sukari, dabino, har alewar tari.