Wasiƙa daga Gilasgo: Wa zai biya kuɗin ɗori?

Assalamu alaikum mutanen Jos. Ya gida, ya yara, ya hunturu? Gaisuwar ta tsaya nan, don tun ranar da na sa hoton hannuna cikin filasta a Facebook ban huta ba. Daga Gangare har Bukuru tambayar ɗaya ce: wai da gaske a Turai in ka zame ka faɗi sai a ƙirga maka miliyoyi? Har wani ƙanena ya ce in nemo masa biza, shi ma yana da ƙashin karyawa. Zan amsa wannan, in wuri ya rage in taɓo haya da sanyi.

A sito nake aikin dare. Motar ɗaga kaya ta ɗigar da mai, ba a goge ba, ba a sa alama ba, na taka, sai ji na yi ƙas a tsintsiyar hannu. Ban gama salati ba shugaban aikinmu ya iso da littafi. Na ce a raina, wannan bawan Allah ko sannu bai iya ba. Ƙarfe nawa, a wane layi, wa ya gani, wane takalmi ne a ƙafarka. Ashe shafin nan ne zai tsaya mini daga baya.

Takardun kuwa, kada Allah ya maimaita. Rahoton likitan da ya ɗora ni, rahoton wani likitan da aikinsa kawai ya auna iya inda hannun ke lanƙwasuwa, takardun albashi don a san abin da na rasa, har rasit ɗin tasin da ta kai ni asibiti. Wanda na yar, an ce kamar ban hau ba. Lauyan bai karɓi ko sisi ba da farko, sai in an ci ya yanki kasonsa, amma ya gargaɗe ni cewa shekara 3 doka ta ba ni in shigar da ƙara. Faɗuwar ma ba ita ce hujja ba. Sai ka nuna akwai wanda kula da kai ke wuyansa, ya yi sakaci, kuma sakacin nan ne ya jawo raunin. Ni ma an tuhume ni: ranar ban sa takalmin aiki ba, saboda haka aka zaftare wani kaso. Kuɗin ba daga aljihun maigidan suka fito ba. Tun dokar 1969 wajibi ne mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshora, yanzu ta aƙalla fam miliyan 5. Bayan fiye da shekara aka biya ni, abin ya toshe ramin albashi da ɗan ragowa. Miliyoyin dai ban gan su ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duk wannan daga dodon koɗi ya samo tushe. Kusa da mu akwai garin Paisley. A 1928 aka saya wa wata mata, May Donoghue, lemon citta cikin kwalba mai duhu, ta sha rabi, ta ce da aka tsiyaye sauran sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi. Ba ita ta saya ba, balle ta ce an yi ciniki da ita. A 1932 kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta ce duk da haka tana iya ƙarar mai kamfanin lemon. Alƙali Atkin ya kafa hujja da haƙƙin maƙwabci: duk wanda ya kamata ka hango aikinka zai iya cutar da shi, maƙwabcinka ne. Kotunan Najeriya na aiki da wannan, ku tambayi kowane ɗalibin lauya a Jami'ar Jos.

Sai na tuna ɗan kawuna da keke napep ya kaɗe a Farin Gada. Direban ya zo asibiti da lemo da dattawa biyu, aka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah ya kiyaye gaba, aka shafa fatiha. Kawu ya sayar da akuyoyinsa ya biya kuɗin aiki. Ba wanda ya tambayi mai keken na ainihi, wanda ake kai wa balas kullum, ko ina takardar inshora. Alhali takardar inshorar tad-fati da muke saye don kada ɗan sanda ya tare mu, domin wanda aka kaɗe aka yi ta. Tun Janairun 2023 ta ƙaramar mota ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, tana biyan ɓarnar dukiya har miliyan 3, tana kuma biyan rauni da rai. In ta gaske ce ke nan, ba ta gindin bishiya ba. Ma'aikata ma akwai dokar 2010 da ta sa masu kamfani su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, saboda irin ranar da ta same ni. In kuma hukuma ce ta ji maka rauni, galibi wata 3 kacal gare ka ka shigar da ƙara, kada a ƙare su ana jiran dattawa.

Na san za a ce na zama Bature, ba na yarda da ƙaddara. Na yarda, Kawu. Amma aya ta 92 a Suratun Nisa'i diyya ta ɗora a kisan kuskure, sai dai in dangi sun yafe, kuma malamai sun ce dangin wanda ya yi kuskuren ne ke haɗa ta. Mai yafiya ya san abin da ya bari. Mu kuwa nauyin baki ke sa mu ce ba komai. Ginin makarantar da ya rufta a Busa Buji a Yulin 2024 ya ci rai sama da 20, yawanci yara. Bulo da rodi ba su jera kansu ba.

Haya tana da tsada, ku bar ta a haka. Sanyi kuwa, hunturun Jos da muke taƙama da shi, a nan ranar shanya ce. Hannun yakan yi tsami in gari ya yi hadari, wato kusan kullum. Yaya, ki gaya wa Inna na daina ɗaukar kaya da shi, ta daina aiko da man kaɗanya, kwalba huɗu na nan ban buɗe ba.