Godiya ga waɗanda sunka riƙe ni a shekarata ta farko a jami'a

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, jiya da la'asar sakamakon samista ta biyu ya fito, na gama aji ɗaya a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ba keri-oba (kwas ɗin da aka faɗi sai an maimaita) ko guda. Tun daren jiya nake son rubuta wanga saƙo, in na fara sai in aje wayar, don mutanen da zan ambata suna da yawa kuma abin da sunka yi min ya fi ƙarfin rubutu.

Baba da Inna su ne farko. Ranar da JAMB ta nuna an ba ni gurbi murna ba ta yi kwana biyu a gidanmu Argungu ba anka koma lissafin kuɗin rijista. Buhun shanshera huɗu da Baba ya aje don cin gida su ya fitar kasuwa, bai gaya min ba, a bakin ƙanena na ji. Inna kuma duk zuwan da na yi gida sai ta ɗaura min garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji da busasshen kifi, ga kuɗin mota da ya tashi tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 amma ba ta taɓa cewa in rage zuwa ba. Baba, Inna, Allah ya ja kwana, Allah ya ba ni ikon share muku wagga wahala.

Sai yayana na makaranta, ɗan aji uku a sashenmu, wanda ba dangin iya ba na baba. Satin farko ya gan ni tsaye da fayil a hannu ina ta zagaye, Remita ta biyan kuɗin makaranta daban, fom ɗin kwasa-kwasai daban, sa hannun kodineta daban, ya ce ƙanena zo nan. Shi ya zaunar da ni a masallaci bayan azahar ya ɗauko biro ya zana min yadda maki ke tafiya: 70 zuwa sama shi ne A mai maki 5, 60 B, 50 C, ƙasa da 40 kuwa F ne sifili. Kwas mai yunit 3 in ka ci A ka tara 15, in ka faɗi ba ka da komai kuma yunit ɗin nan uku sai an raba da su wajen fitar da CGPA, wato matsakaicin makinka gaba ɗaya, sannan ka dawo baɗi ka sake zama. Ya ce kar ka raina tes, kar ka raina GST, kwasa-kwasan bai-ɗaya da kowane ɗalibi ke yi, don kana ganin Turanci ne kawai, kuma aji ɗaya shi ne tushe, wanda ya ɓata shi zai kai aji huɗu yana gyara. Wallahi da ban ji wagga magana da wuri ba da sai na ga sakamako zan fahimta. Shi ne kuma ya zauna da ni a wayarshi munka cike rancen ɗalibai na NELFUND, da NIN da BVN da lambar JAMB, har sai da ya shiga. Yaya, Allah ya ba ka fiye da abin da kake nema.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne daren jarabawar kemistiri ta CHM 101. Kwana biyu ina jin jikina ba daɗi ina dannewa da farasitamol don kar karatu ya wuce ni, wajen sha ɗaya na dare zazzaɓi ya kwantar da ni, sanyi har haƙora na haɗuwa, ga amai. Abokan ɗakina su biyu su ma jarabawar nan ce gabansu da safe, sunka rufe handawut, ɗaya ya fita cikin duhu neman ɗan kabu-kabu, ɗayan ya hau bayana yana riƙe da ni kar in faɗi har asibiti. Maleriya ce, anka sa min ƙarin ruwa leda biyu. Ba wanda ya koma ɗaki cikinsu, nan bakin gado sunka kwana a zaune, da asuba da na ɗan farfaɗo ɗayan na karanto min tambayoyin shekarun baya a hankali ina amsawa da ido rufe. Da filasta a hannu na shiga jarabawa, C na samu, kuma duk makin da na ci a shekarar nan ba wanda ya kai shi daraja a wurina. Nas ɗin da ke aikin dare, wadda ta ce ɗana kwantar da hankalinka za ka rubuta in sha Allah, ban san sunanta ba amma ba na manta ta a addu'a. Ɗan kabu-kabun ma ƙin karɓar kuɗi ya yi.

Akwai Inna mai shinkafa da wake kusa da gidan da muke haya a Kalgo. Ƙarshen wata in aljihu ya bushe na kan bi ta wata hanya don kar ta gan ni, sai ta aiko yarinyarta da kwano a rufe. Ba ta taɓa rubuta bashina a takarda ba, in na kawo ta karɓa, in na ce nawa ne saura ta ce kai dai ka yi karatu.

Ina godiya ga 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da sunka riƙa yi mana tutoriyal na lissafi da fiziks kyauta ranakun Asabar, da malamin lissafinmu da ke tsayawa bayan lakca ya sake bayani ga mu da munka fito makarantun gwamnati ba tare da ya nuna gajiya ba, da kilas-ref ɗinmu da ke kira na a waya in an canza wurin lakca don ya san ba kullum nake da data ba.

Duk wanda na ɓata wa a shekarar nan, da sani ko ba sani, don Allah ya yafe min. Ƙannenmu da za su shigo bana, wanda ya rasa gane kan rijista ko lissafin maki ya neme ni a masallaci bayan azahar, zan zauna da shi. Gobe in sha Allah zan shiga motar Argungu, Baba na jira na a fadama.