Daren auna hasken Lutetia

Yau hazo ya lafa bayan isha'i, sai na fito da na'urar hangen nesa mai madubi santimita 20 da kyamara. Abin nema shi ne 21 Lutetia, dutsen da ke kewaya Rana tsakanin Mars da Jupiter, zagaye ɗaya a shekara 3.8. Hermann Goldschmidt ne ya gano shi ranar 15 ga Nuwamba 1852 daga barandar gidansa a birnin Paris. Sana'arsa zanen hoto ce, kallon sama kuwa sha'awa ce kawai, amma sai da ya gano duwatsu 14. A 2010 kumbon Rosetta ya gifta kusa da Lutetia, aka ga faɗinsa ya kai kilomita 100.

Kafin komai na daidaita agogon kwamfuta da intanet, na ɗauko matsayin dutsen na wannan dare daga shafin Minor Planet Center, cibiyar da ke tattara bayanan irin waɗannan duwatsu. A hoto guda ba ya bambanta da tauraro, ɗigo ne fari. Sai an jera hotuna uku masu tazarar minti 20 ana juya su da sauri, sannan a ga ɗigo ɗaya yana tsalle, sauran na tsaye.

Kowane hoto sakan 60 na ba shi. Irin wannan dutse, in yana ɓangaren sama da ke kishiyar Rana, yakan matsa kusan sakan 35 na kusurwa a awa (sakan na kusurwa kashi ɗaya ne cikin 3,600 na digiri). In an bar kyamara a buɗe minti 5, ɗigon ya miƙe ya zama zare, awon haske ya lalace. Na zaɓi taurari biyar masu launin da ya yi kusa da na Rana don kwatantawa, kada tauraro mai sauya haske ya shiga cikinsu.

Wajen ƙarfe ɗaya dutsen ya ratsa gefen wani tauraro, haskensu ya gauraya, hotunan wannan rabin awar duk na zubar. Da dutsen ya sauko ƙasa da digiri 30 daga gefen sama kuma ƙura ta fara cin hasken, sai na rufe.

Lutetia na juyawa sau ɗaya a awa 8 da minti 10, a kowane juyi haskensa kan hau sau biyu ya sauka sau biyu. Abin da na samu bai cika juyi ɗaya ba. Gobe zan fara da wuri don in cike gurbin.