Tafiya Zuwa Buɗe Sabon Gandun Daji a Masacusets

Da sanyin safiyar wata Asabar a watan Oktoba na bar birnin Boston na nufi yamma, domin halartar buɗe wani ƙaramin gandun daji da wata ƙungiyar 'yan sa-kai ta daɗe tana fafutukar ganin ya kuɓuta daga masu yanka filaye. Babu wani abin labari a kan babban titi, sai da na ratse zuwa ƙaramar hanya na fara ganin itatuwa sun rine ja da ruwan ɗorawa, kamar yadda suke yi a wannan yanki na Amurka kafin su zubar da ganye.

Wurin ba shi da ƙofa, ba shi da mai gadi. Filin ajiye motoci ne da aka zuba wa tsakuwa, sai allo ɗauke da taswira, sai mutanen da suka taru, galibinsu dattawa. Shugabar ƙungiyar, wata tsohuwar malamar makaranta, ba ta tsawaita jawabi ba. Ta bayyana cewa rabin filin sun saye shi ne da gudummawar jama'a, ɗaya rabin kuwa yana nan a hannun iyalin da suka gaje shi, sai dai sun sa hannu a wata yarjejeniya da ta haramta gini da rarraba filin har abada. Wannan yarjejeniya tana bin ƙasar ne, ba mai ita ba, saboda haka ko an sayar ko an gada, sharaɗin yana nan a takardar mallaka. Masu filin suna samun sassaucin haraji, ita kuma ƙungiyar ta ɗauki nauyin zagaya iyakoki kowace shekara, da zuwa kotu idan wani ya keta sharaɗi. Na jinjina wannan kalma ta har abada a bakin mutanen da ba a biyan su ko sisi.

Tsarin ba sabo ba ne a jihar Masacusets. A shekarar 1891 aka kafa ƙungiyar Trustees of Reservations bisa shawarar Charles Eliot, wani masanin tsara lambuna, wanda ya ga ya dace a riƙe wa jama'a kyawawan filaye amana kamar yadda ɗakin karatu yake riƙe littattafai. Ƙananan ƙungiyoyi irin wadda ta gayyace mu a kan sawunta suke tafiya.

Bayan an yanke ƙyalle aka raba mu rukuni-rukuni, na faɗa hannun wani dattijo wanda da shi aka sare turbar. Alamar hanya ɗan fenti ne shuɗi a jikin itace daidai tsayin ido, kuma idan ka ga biyu a haɗe, to akwai kwana a gaba. Ba mu yi nisa ba muka ci karo da doguwar katangar duwatsu a tsakiyar kurmi, abin da ya ba ni mamaki har na tambaye shi wa ya yi gini a nan. Ya ce ai dajin da nake gani gona ce a da. A tsakiyar ƙarni na 19 an share mafi yawan dazuzzukan jihar domin noma da kiwon tumaki, manoma suna tsince duwatsu daga gonaki suna jera su a kan iyaka. Da suka watse zuwa masana'antu da yankunan yammacin Amurka masu albarkar noma, daji ya dawo da kansa, har yau ya rufe kimanin kashi 60 cikin 100 na jihar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda turbar take kauce wa wasu wurare da gangan. A wani gangare ta yi dogon zagaye, alhali ga hanya miƙaƙƙiya a fili. Jagoranmu ya nuna wani kwari cike da busassun ganye, ya ce kududdufi ne da yake cika idan ƙanƙara ta narke, ya ƙafe da zafi. Da yake yana ƙafewa kifi ba ya zama a cikinsa, shi ya sa kwaɗin daji da wasu halittu masu kama da ƙadangare suke zuba ƙwai a nan ba tare da an cinye su ba. Sun yi watanni suna gardama a kan inda za a bi, a ƙarshe suka yarda a ƙara wa masu tafiya nisa. A ganina sun yi daidai, domin turbar tana shigo da mutane daji, kuma ita ce take tsare su a kan siririn layi guda, sauran wurin ya huta da sawunsu. A fadama sun shimfiɗa katako a kan gungume don kada ƙafa ta dame ƙasa, a kan tudu kuma sun gitta itace a karkace domin ya karkatar da ruwan sama kafin ya zaizaye hanya.

Can gaba muka tarar da tulin wani ƙayayyen tsiro da aka tumɓuke. Daga Japan aka kawo shi a ƙarni na 19 don ƙawata gidaje, ya tsere zuwa daji ya danne tsirran asali, kuma inuwarsa mai laima tana tara kaska. Kaskar nan ba abin wasa ba ce, ita ce take yaɗa cutar Lyme, wadda ta samo sunanta daga wani gari a jihar Konetikat inda aka lura da ita a 1975. Nan take kowa ya cusa ƙafar wandonsa a cikin safa. Dattijon ya ce tumɓukewa ɗaya ba ta isa, domin tsuntsaye suna dawo da irin, sai an yi ta komawa shekara bayan shekara.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Wani mai kare ya yi ƙorafi a kan dokar ɗaure karnuka da igiya, aka amsa masa cikin ladabi cewa akwai tsuntsayen da a ƙasa suke sheƙa, kuma kare ɗaya ya isa ya tarwatsa su. Bai ce ya yarda ba, amma bai kwance igiyar ba.

Da muka fito an ajiye rajista a kan tebur, an raba ayyukan watanni masu zuwa: masu kawar da itatuwan da iska ta kayar, masu sabunta fenti, masu zagayen iyaka. Layin zagayen iyaka ne ya fi ƙarancin sunaye, saboda aiki ne na kutsawa cikin ƙaya inda babu turba, kuma shugabar ta tsaya a kansa tana roƙon matasa har na tayar da mota.