Litinin, ni da Malam a fadar majalisar Sisili

Yau ba aiki, gidan abincin namu a kulle yake ran Litinin, niyyata in yi barci har azahar amma ina, tun ƙarfe tara Malam ya buga min ƙofa wai in tashi in raka shi Palazzo dei Normanni. Na ce Malam me za mu yi a ofishin gwamnati, ya ce kai dai sa takalmi. Shekarata huɗu a Palermo, babban birnin tsibirin Sisili a Italiya, kullum sai na wuce ta gaban ginin nan in zan gangara kasuwar Ballarò, ni dai abin da na sani nan 'yan majalisar yankin Sisili ke zama, mutum 70, masu kwat da baƙaƙen motoci, shi kenan.

Kuɗin tikiti ya ɗan cije ni ba ƙarya. Amma an ce mun yi sa'a, tunda yau majalisa ba ta zama, har zauren nasu za a bari mu leƙa.

Daga ƙasa muka fara, inda aka tono tsohuwar ganuwa ta mutanen Kartaj, tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), manya-manyan duwatsu, wurin da sanyi kamar cikin randa. Wato kowa ya ci garin nan a kan tudun nan yake kafa ƙarfinsa. Musulmi daga Tunisiya sun karɓi Palermo a 831, unguwar ma ake ce mata ƙasr, kuma ashe babban titin da nake bi kullum da suke kira Cassaro daga kalmar nan ya samo suna, ni ban taɓa haɗawa ba. Normawa, mayaƙan Kirista daga arewacin Faransa, suka ƙwace a 1072, Roger na biyu daga cikinsu ya zama sarki a 1130, shi ya mayar da wurin fadar gaske.

Abin da ya tsaya min a rai a sama yake, kusa da ƙofar cocin fadar, Cappella Palatina. Akwai wani dutse a bango da rubutu kala uku, Latin, Girkanci, sai Larabci a ƙasa. Turawa na ta wucewa suna ɗaukar hoto, Malam kuwa ya gyara tabarau ya matsa ya fara bi da yatsa yana karantawa a hankali kamar yana biya wa almajiri. Wai umarni ne daga fadar sarki aka ƙera na'urar duba sa'o'i, agogo kenan, shekara ta 536. Na ce Malam ai takardar bayanin nan 1142 ta ce, ya ce to ai hijira suka rubuta, sarki Kirista amma magatakardansa da lissafinmu yake aiki. Wata tsohuwa 'yar Italiya ta tsaya tana kallonsa baki buɗe, wallahi sai na ji wani iri, mutumin da ke wanke tukwane a bayan kicin shi ne kaɗai a layin nan da zai iya karanta bangon fadarsu.

Cikin cocin kam sai wanda ya gani. An fara shi 1132, bango duk zinariya da hotunan addininsu, amma ka ɗaga kai rufin katako ne mai ramuka-ramuka kamar saƙar zuma irin na masallatan Larabawa, da rubutun kufi a gefe. Wuyana har ya yi ciwo. Malam bai ce komai ba a ciki, sai da muka fito ya ce a fadar nan Al-Idrisi, masanin labarin ƙasa Musulmi, ya yi wa sarki Roger aiki, ya gama taswirar duniya da littafinsa a 1154, kuma a ciki ya kawo Kawar. Na ce wace Kawar, ya ce wadda ka sani mana, ta Dirku da Bilma, inda motarmu ta kwana uku muna jiran ruwa. Shiru na yi. Shekara ɗari takwas da wani abu sunan wurin yana rubuce a gidan nan kafin mu mu iso a kwale-kwale.

Zauren majalisar, Sala d'Ercole, bai burge ni sosai ba bayan wancan, kujeru ne da makirfo da zanen wani ƙato yana kokawa da namun daji. Tun 1947 suke zama a nan, bayan an ba tsibirin 'yancin gudanar da kansa a 1946. Kafin su wakilan sarkin Sifen ne suka zauna a ginin, su suka rushe wasu hasumiyoyi suka yi farfajiyar da muka bi. A saman hasumiyar da ta rage ma akwai ɗakin duba taurari, nan wani limamin Kirista mai suna Piazzi ya gano Ceres, wata 'yar ƙaramar duniya da ke kewaya rana, ranar 1 ga Janairu 1801.

Da muka fito yunwa ta ishe ni, muka gangara Ballarò na sai panelle, wata irin ƙosai tasu, da burodi, Malam ya sai kuɓewa da attaruhu wajen 'yan Bangladesh. Ya ce in tura masa hoton dutsen a WhatsApp zai aika wa ƙaninsa a Damagaram, na duba wayata ashe yatsansa ya rufe rabin layin ƙarshe. Ya ce sai mu koma. Na ce Malam wannan karon kai za ka biya tikiti.